Gent: Birnin da Ɗansa na Cikinsa Ya Sa wa Igiya a Wuya

Yau Beljiyam muka nufa, wani birni da ake kira Gent, Turawan Ingila kuma su ce Ghent. Masu kallon ƙwallo sun san sunan, domin a kulob ɗin garin Moses Simon ya taka leda, yana cikin waɗanda suka ci musu kofin gasar ƙasar karo na farko a 2015. To amma ba ƙwallo ce ta kawo mu ba. Mutanen da garin ya haifa za mu duba, musamman guda biyu: wanda jama'ar gari suka ɗaga sannan suka kashe, da wanda aka haifa a cikinsu ya dawo ya wulaƙanta su.

Gent tana yankin Filandas, arewacin Beljiyam ta yau, a mahaɗar koguna biyu, Schelde da Leie. A ƙarni na 14 tana cikin manyan biranen arewacin Turai, kuma arzikinta kaf a kan saƙa yake. Sai dai ulun da suke saƙawa daga Ingila ake kawo shi. Ku riƙe wannan, nan rigimar take.

A 1336 Sarki Edward na Uku na Ingila ya hana fitar da ulu zuwa Filandas, saboda mai sarautar yankin, Louis na Nevers, yana bayan sarkin Faransa. Masaƙu suka tsaya cik, yunwa ta shigo gidaje. Rikicin sarakuna ne, amma masaƙi ne ke kwana da yunwa. Nan wani attajiri mai suna Jacob van Artevelde ya fito. Farkon 1338 aka ba shi jagorancin gari, ya haɗa kai da biranen Bruges da Ypres, ya sasanta da Ingila, ulu ya dawo. Louis ya gudu Faransa. A Janairun 1340, a dandalin Kasuwar Juma'a ta Gent, aka yi shelar cewa Edward ne sarkin Faransa. A shekarar ce ma matar Edward ta haifi ɗa a garin, wanda tarihi ya sani da John na Gaunt. Gaunt ɗin nan Gent ce a bakin Ingilishi na wancan zamani, kuma ɗansa ne ya zama Sarki Henry na Huɗu a 1399.

Kun ga dai Artevelde ya yi abin da ya yi alkawari. To me ya biyo baya? Waɗanda suka haɗu don yaƙar yunwa suka koma faɗa da juna. Masu tattaka yadi a ruwa don ya yi kauri suka nemi ƙarin lada, masaƙa suka ƙi. A Mayun 1345 suka gwabza a wannan dandali dai, aka kashe ɗaruruwa. Sai jita-jita ta bazu cewa Artevelde ya ci kuɗin gari, kuma yana shirin miƙa Filandas ga ɗan sarkin Ingila. Watan Yuli taron jama'a suka far masa suka kashe shi. Ni abin da ke tsaya min a rai shi ne, ba sojan Faransa ne ya kashe shi ba, mutanen da suka yi masa tafi shekara bakwai baya ne. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin wata gwagwarmaya ya san yadda maganar "ya ci kuɗi" ke gudu fiye da hujja. Sai a 1863 aka kafa masa mutum-mutumi a dandalin.

A gurguje: a 1432 aka kammala shahararren zanen cocin garin, aikin 'yan'uwa biyu, Hubert da Jan van Eyck. An sha sace shi, har 'yan Nazi sun ɓoye shi a ramin haƙar gishiri a Ostiriya. Akwai ɓangare guda da aka sace a 1934, har yau shiru.

Yanzu ga mai gayya. Ranar 24 ga Fabrairu, 1500, aka haifi Charles na Biyar a fadar Prinsenhof da ke Gent. Yana ɗan shekara 16 ya zama sarkin Sifaniya, a 1519 aka zaɓe shi sarkin Daular Rum Mai Tsarki. Shi ne ya ci Tunis a 1535. Yaƙi kuwa kuɗi yake ci. A 1537 ƙanwarsa Mary, wadda ke riƙe masa yankin, ta nemi haraji don yaƙi da Faransa. Gent ta ce ba za ta biya ba, tana da tsofaffin takardun 'yanci da suka ba ta damar ƙi. Zuwa 1539 abin ya zama bore sosai.

Charles bai aiko wakili ba, da kansa ya taso daga Sifaniya, ya ratsa ta Faransa, ƙasar abokin gabarsa, ya shiga Gent da runduna a Fabrairun 1540. Aka sare kawunan jagororin bore. Aka soke takardun 'yancin, aka sauke babbar ƙararrawar gari mai suna Roland wadda ake kaɗawa don tara jama'a, aka rushe tsohon gidan ibada na Saint Bavo aka gina sansanin soja a wurin. Sannan ranar 3 ga Mayu aka jero manyan gari ba takalmi, a bayansu mutum 50 cikin fararen riguna da igiyar rataya a wuyansu, suka durƙusa gaban sarki suna neman gafara. Ɗan garin ne fa, jama'a. A cocin garin aka yi masa baftisma.

Gent ba ta sake samun irin wancan ƙarfi ba sai da injin saƙa ya zo. Wajen 1800 Lieven Bauwens ya yi fasa-ƙwaurin injin kaɗin auduga daga Ingila gunduwa-gunduwa, lokacin da dokar Ingila ta hana fitar da shi. Masana'antu suka cika gari, tare da ƙananan yara masu aiki daga safe har dare. A irin wannan talauci aka haifi Pierre De Geyter a 1848. Iyayensa suka yi ƙaura zuwa Lille, shi ma ya shiga masana'anta yana yaro, a 1888 ya tsara kiɗan taken ma'aikatan duniya, Internationale. Ga kuma Leo Baekeland, ɗan mai gyaran takalmi, da aka haifa a 1863. Karatu ya fitar da shi, ya koma Amurka, a 1907 ya ƙirƙiro Bakelite, robar farko da aka haɗa gaba ɗaya daga sinadarai.

Ita kuwa igiyar Charles, maƙwabta suka mayar da ita sunan tsokana, suna kiran mutanen Gent Stroppendragers, wato masu igiya a wuya. Su kuma suka karɓe sunan. Duk watan Yuli, lokacin bikin gari, za ka ga maza cikin fararen riguna, ba takalmi, igiya a wuya, suna zagaya tituna ana yi musu tafi, 'yan kallo da yawa su ma da tasu igiyar baƙa da fara a wuya.

Nan za mu dakata. Ku faɗa mana birnin da kuke so mu leƙa a shiri na gaba. Sai mun haɗu.