Daga Babbaƙu Zuwa Sauka: Yadda Magabata Suka Fara wa Yara Karatu

 

'Yan uwa, a wannan fitowa muna so mu waiwayi aji mafi ƙanƙanta a makarantunmu, wato ajin 'yan shekara 4 zuwa 6. A nan Injamena yau, yaro ɗaya yakan zagaya wuri uku a yini: da safe rauda ko lakwal, bayan azahar islamiyya, da magariba kuma gaban malamin allo. Duk da wannan zirga-zirga, sau da yawa za ka sami yaro yana rera Amma da ka, amma in ka ɗora yatsa a kan harafi ka ce mene ne wannan, sai ya yi shiru. Tambayoyi biyu ne a gabanmu: da me ake fara wa yaro, kuma yaya ake raba masa yininsa? Magabata sun riga mu amsa su, don haka ya kamata mu ji abin da suka yi kafin mu yanke namu.

Tushe daga Ƙairawan

Tsarin da muka gada ya biyo hanya ɗaya da mazhabar Malikiyya, wato ta Arewacin Afirka. A birnin Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 256 bayan hijira (870 miladiyya), ya rubuta ƙaramin littafi kan ladubban masu koyar da yara, Adabul Mu'allimina. A ciki ya nemi malami ya daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, kada ya riƙa aiken yara biɗan buƙatunsa, ya ware lokacin rubutu daban, ya ware lokacin bita daban a ƙarshen mako. Ko bulala ma ya yi mata iyaka: kada ta wuce uku sai da izinin uba, kada a taɓa kai ko fuska, kada kuma malami ya yi duka don huce fushinsa. Har yadda ake wanke allo ya kawo, a wanke da ruwa mai tsarki a zuba a rami inda ƙafa ba ta takawa.

Ita kanta Risala da muke karantawa a zaure, Ibn Abi Zaid (ya rasu 386 bayan hijira) ya rubuta ta ne saboda wani malamin yara ya roƙe shi abin da zai koya wa almajiransa. Daga baya Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya kwatanta hanyoyin ƙasashe. Ya ce mutanen Magrib Alƙur'ani da rubutunsa kawai suke sa wa yaro har ya ƙware, su kuwa mutanen Andalus suna haɗa masa da waƙoƙin Larabci da koyon kyan rubutu. Ya kuma yi gargaɗi cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da wayo, yana kashe masa himma. Hanyar Magrib ita ce ta ƙetaro Sahara ta zo mana.

Kanem da Borno

Ƙasar nan tamu ba baƙuwar wannan karatu ba ce. A Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, sarauta ta karɓi Musulunci tun ƙarshen ƙarni na 11, zamanin Mai Umme Jilmi. Wata tsohuwar takardar mahram, irin wadda sarakunan Borno ke ba malamai don 'yanta su daga haraji, ta ba da labarin malam Muhammadu ɗan Mani da sarakunan da suka yi karatu a gabansa. Na farkonsu ya karanta daga Tabara zuwa Nasi ya ba malamin raƙuma 50. Wanda ya biyo shi ya kama daga Yasin. Haka rabon kowa yake ƙaruwa har aka zo kan Mai Umme, wanda ya karance Alƙur'ani duka ya haɗa da Risala, ya ba da raƙuma 100. Kun ga ke nan ko gidan sarauta ma da gajerun surori aka fara, aka yi ta ƙari sannu a hankali.

A tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suna da makarantarsu a Masar, wadda ake kira makarantar Ibn Rashiƙ. Da mulki ya koma yammacin tafki aka gina Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, Borno ta zama cibiyar hadda da rubuta Alƙur'ani da ka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da saɓanin da ya shiga tsakanin Sakkwato da Borno, ya yaba wa mutanenta a Infaƙul Maisuri kan kula da karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi. Shi ya sa har gobe in Bahaushe ya ce ɗansa ya tafi gabas, an san karatu ya tafi nema. Kalmomin tsangaya da gwani ma daga bakin Barebari muka aro su.

Yadda allo ya iso bakin Shari

Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri, tsallaken kogi, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy duk suka mutu. A watan Mayu na wannan shekara Faransawa suka kafa Fort-Lamy, garin da aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yuli, jama'a da yawa suka yi hijira gabas. Ɗansa Mai Wurno ya kai har bakin kogin Nilu a Sudan ya kafa gari. Ban da masu hijira, akwai mahajjata masu tafiyar ƙasa, waɗanda ke bi ta Borno su ƙetaro nan, su wuce Ati da Abeshe su shiga Darfur. Tafiya ce ta shekaru. A tsaya a yi noma ko ɗinki ko fatauci a tara guzuri, wasu su wuce, wasu zama ya kama su. Kakannin da yawa daga cikinmu haka suka zauna.

Duk inda ayari ya yada zango akwai malami a ciki, da alluna ɗaure a kaya. Suka tarar da Barebari da Larabawa da mutanen Wadai da nasu makarantun, su suna cewa masik ko khalwa, malami faki ko goni, almajirai muhajirin. Sunaye sun bambanta, aikin kuwa ɗaya ne: allo, alƙalamin kara, da tawadar da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, wanda Allah Ya wadata ƙasar nan da shi.

Matakan karatu

Kolo, wato ƙaramin almajiri, da kunne yake farawa. Ana biya masa Fatiha da gajerun surori yana maimaitawa, har bakinsa ya saba. Sai a shiga babbaƙu, haruffa tsirara babu wasali. A nan hikimar malamanmu ta fito, don sun raɗa wa kowane harafi suna da Hausa gwargwadon siffarsa. Darasin farko shi ne alu, ambaki, wau, zal. Akwai ba guje da ta kuri, jim ƙarami koma baya, sin da shin mai ruwa, ɗa mai hannu, lam ara da lam jaye, mim jaye, nun guda, ha kuri da ha babba. Ruwa a nan ɗigo ne. Harafi ɗaya in siffarsa ta canja a farkon kalma ko ƙarshenta, sunansa ma yakan canja, don kada yaro ya ruɗe. Yaro da harshen uwarsa yake shiga rubutun Larabci, yana ganin hoton harafi a cikin sunansa.

In babbaƙu sun zauna sai farfaru: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri. Daga nan sai haɗa baƙi da wasali su zama kalma. Duk wannan lokaci malam ko gardi ne ke rubuta wa yaro allonsa, sannan a fara sa shi bin sawun rubutu, har ranar da zai ɗauki alƙalami ya kwafo da kansa. Ba a wanke allo sai malam ya saurari na jiya ya gamsu. Yara 30 a zaure ɗaya, kowa da inda yake, mai sauri ba ya jiran kowa, mai nawa ba a jan sa da ƙarfi. Izu 60 ne a gabansa, kowane izu sumuni 8, kuma a kan hanya akwai tashoshin murna, Sabbi da Amma da Tabara da Yasin, inda iyaye kan yi sadaka, har a kai ranar sauka da allo mai zayyana.

Rabon yini

Agogon makarantar allo salla ce da rana. Zaman farko bayan asuba zuwa hantsi, lokacin da gari ke da sanyi kuma kan yaro a sake yake, nan ake ƙari. Sai a tashi a wanke allo a shanya, a yi kalaci, a yi aikin gida, a yi wasa. Tsakar rana ba karatu. Wanda ya san watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba sai an yi masa bayanin dalili ba. Zama na biyu bayan azahar zuwa la'asar sakaliya, rubutu da bita. Karatun dare a gefen wuta na titibirai da gardawa ne, kolo kuwa barci ya riga ya kwashe shi, ba mai tashinsa. Mako yana farawa Asabar ya ƙare Laraba, ranar da ake kai wa malam kuɗin Laraba. Alhamis da Juma'a hutu. Malaman Malikiyya suna ruwaito cewa Sayyidina Umar ne ya ba yaran Madina wannan hutu bayan sun gaji da fita tarbarsa.

Ba ma cewa komai na da daidai yake. An yi duka fiye da iyakar da ɗan Sahnun ya sa. Bara ta cinye lokacin yara da yawa, an cire 'yan mata da wuri, kuma mutum yakan sauke bai san fassarar Fatiha ba. Waɗannan abin gyara ne. Amma wanda ya bi matakan nan ya fita yana karatu yana rubutu, har ya rubuta wasiƙa da ajami a harshensa.

Zuwan lakwal da rauda

Faransawa sun buɗe makarantarsu ta farko a Mao a 1911. Musulmi suka ja baya, musamman bayan kisan malamai da aka yi a Abeshe a 1917, wanda ake kira Kubkub. A shekarun 1940 Shehu Muhammadu Ulaish Awuda ya kafa ma'ahadin ilimi a Abeshe mai ajujuwa da jadawali irin na Masar da Sudan, hukumar mulkin mallaka ba ta sake masa ba. Bayan 'yancin kai a 1960 makarantun Larabci na zamani suka yawaita, aka buɗe babban masallacin Sarki Faisal a 1978, kuma tsarin mulkin 1996 ya tabbatar da Larabci da Faransanci a matsayin harsunan hukuma. Ita kuwa rauda asalinta Jamus ne, inda wani malami mai suna Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna lambun yara a 1840, yana koyarwa ta hanyar wasa da waƙa da aikin hannu. Faransanci da Larabci duk ma'anar sunan suka fassara.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da amfaninsa. Matsalar ita ce mun jibga su duka a kan yaro ɗaya, ba wanda ya zauna ya raba masa yini. Da safe yana rubutu daga hagu, da yamma daga dama. A gida Hausa, a titi Larabcin Chadi, a aji Faransanci. Ga wani misali da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: a rubutun allo na ruwayar Warshu, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A mushafin Hafsu bugun Madina kuwa, mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa, ƙaf ɗigo biyu gare ta. To yaron da ya ga harafi ɗaya an ce masa fa da la'asar, an ce masa ƙaf da magariba, laifin wa in ya rikice?

Abin da ya rage gare mu

Shawararmu ga kwamitin makaranta da iyaye ba ta da tsawo. A zaɓa wa ɗan ƙasa da shekara 6 rubutun Alƙur'ani iri ɗaya, Warshu ko Hafsu, ya zauna a kai har ya ƙware kafin a nuna masa ɗayan. Ko da Bagadadi ko Nuraniyya ake koyarwa, a kiyaye jerin nan na babbaƙu, farfaru, haɗawa, kuma a bar malama ta yi bayani da Hausa. Kowane yaro a saurare shi shi kaɗai kullum, ko na minti 2 ne, yatsansa a kan harafi, domin karatun taro yana ɓoye wanda bai iya ba. A sa alƙalami ko alli a hannunsa tun da wuri. Sabon darasi a yi shi da sanyin safiya ko bayan la'asar, zama gajere, a tsakani a sha ruwa a yi wasa. Yaron da ya yi rauda da safe, zama ɗaya da yamma ya ishe shi, a bar masa darensa. Malamai mata da ke riƙe da wannan aji kuwa a biya su hakkinsu a kan kari, don a hannunsu tubalin farko yake.

Da rarrafe yaro kan tashi. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riƙe hannunmu a kan allo, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama ma'abota Alƙur'ani masu aiki da shi. Amin.