Hoton Ƙwaƙwalwar Jariri ta Maɗiga: Yadda Yake da Hukuncinsa

Wannan gwaji ne da likitoci ke yi don duba cikin kan jariri da na'urar da mu a Zongon Lome muke kira "eko", irin wadda ake duba mai ciki da ita. An fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1970.

Yadda ake yi: ana shafa ɗan mai a maɗiga, wato wuri mai laushi a tsakar kai, a ɗora na'urar. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya dawo ya zama hoto. Babu yanka, babu allura, babu hasken eksire. Idan maɗiga ta rufe, galibi tsakanin wata 12 zuwa 18, wannan ƙofa ta toshe.

Waɗanda ake yi wa: bakwaini, musamman wanda bai cika mako 32 ba, da wanda ya jinkirta kuka bayan haihuwa, da mai jijjiga, da wanda maɗigarsa ta kumbura ko kansa ke girma fiye da kima. Yana nuna zubar jini da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Manyan asibitoci irin su CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin ne wurin neman sa.

Hukunci: halal ne, domin kiyaye rai na cikin manufofin Shari'a. Kada mu jira suna ko arba'in idan likita ya buƙace shi, fitar mai jego saboda lalura ba laifi. Mu yi addu'a, mu kuma kai yaro asibiti.

Allah ya raya mana zuriya.