Takardar shaidar tsaro a intanet: yadda masu gwajin manhaja ke yi da wadda ba a amince da ita ba

Takardar shaidar tsaro wata shaida ce ta lantarki da shafin intanet ke miƙa wa waya ko kwamfuta domin tabbatar da cewa shi ne ainihin shafin da aka nufa. Ita ce ke bayan adireshin da ya fara da https, kuma da taimakonta ake kulle bayanan da ke kai-komo, kamar lambar sirri ko lambar asusun banki, ta yadda wanda ya tare su a hanya ba zai iya karantawa ba. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da tsarin SSL a 1995, sai TLS ya gaje shi a 1999. Sigar TLS 1.3 ta fito a 2018.

A cikin takardar akwai sunan shafin, da ranar da ta fara aiki, da ranar da wa'adinta zai ƙare, da sa hannun hukumar da ta ba da ita. Kamar katin ɗan ƙasa take, darajarta tana ga hatimin da aka buga mata. Chrome da Firefox da sauran manhajojin buɗe shafuka suna da jerin hukumomin da suka yarda da hatiminsu.

Dalilan ƙin amincewa

Manhajar tana ƙin takarda idan wa'adinta ya wuce, ko sunan da ke ciki ya saɓa da adireshin shafin, ko hukumar da ta sa hannu ba ta cikin jerin, ko kuma mai shafin ne ya sa wa kansa hannu. Daga nan sai gargaɗi ya rufe fuskar waya. A Chrome na harshen Faransanci, rubutun da ke fitowa shi ne «Votre connexion n'est pas privée».

Inda masu gwaji ke cin karo da ita

Kafin a buɗe shafin banki ko na ciniki ga jama'a, injiniyoyi kan rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta buɗe shafin da kanta, ta cike gurabe, ta danna maɓallai, sannan ta duba ko sakamakon ya yi daidai. Daga cikin kayan wannan aiki akwai Selenium, wanda Jason Huggins ya fara a 2004, da Playwright na Microsoft da ya fito a 2020. Galibi ana yin gwajin ne a kan na'urar cikin gida mai takardar da injiniyoyin suka sa wa hannu da kansu. Saboda haka manhajar kan tsaya cak a shafin gargaɗi, gwajin ya faɗi, alhali shafin kansa ba shi da aibu.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce a umarci manhajar ta kau da kai. A ƙa'idar WebDriver, wadda ƙungiyar W3C ta amince da ita a 2018, akwai zaɓin acceptInsecureCerts, kuma a kashe yake sai an kunna shi. A Playwright sunansa ignoreHTTPSErrors. Wannan hanya tana da sauri, amma tana yafe kowane irin kuskure ba tare da tantancewa ba.

Ta biyu ita ce a kafa ƙaramar hukumar ba da shaida ta cikin gida, a shigar da hatiminta a na'urorin gwaji kaɗai. Manhajar mkcert na sauƙaƙa wannan. A nan bincike na ci gaba da aiki, kuma takarda mai kuskure za ta faɗi. Sharaɗin shi ne a adana makullin sirrin hukumar sosai, domin duk wanda ya same shi zai iya ƙirƙirar takardar jabu da waɗannan na'urori za su karɓa.

Ta uku ita ce a samar wa shafin gwajin takarda ta gaske. Let's Encrypt, wadda ta fara aiki a 2015, tana ba da ita kyauta, kuma kwamfuta na iya sabunta ta da kanta.

Haɗarin kau da kai

Gwajin da aka hana duba takarda ba zai ga ranar da ta mutu ba. A watan Fabrairun 2020, Microsoft Teams ya tsaya na wasu sa'o'i saboda ba a sabunta wata takarda ba. Haɗari na biyu ya fi muni: a manta da umarnin kau da kai cikin manhajar da za a raba wa jama'a, ta koma tana karɓar takardar kowane ɗan damfara. A 2011 an kutsa cikin hukumar DigiNotar ta ƙasar Holan, aka ƙirƙiri takardun jabu fiye da 500, har da ta Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen asirin mutane kusan 300,000 a Iran. Kamfanin ya durƙushe a watan Satumbar wannan shekara.

Shi ya sa ƙwararru ke taƙaita kau da kai ga na'urar gwaji, su kuma ware wani gwaji na daban da zai tabbatar cewa manhajar tana ƙin takarda marar kyau. Shafin badssl.com yana ajiye da irin waɗannan takardu da gangan domin wannan aiki. Buƙatar sa ido za ta ƙaru, domin a watan Afrilun 2025 kamfanonin da ke tsara ƙa'idojin sun amince a rage wa'adin takarda a hankali, daga kwana 398 zuwa kwana 47 nan da 2029.

Ga mai waya kuwa, idan gargaɗin ya fito, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne kwanan wata da agogon wayarsa, don kuskurensu kaɗai na iya jawo shi. In sun yi daidai amma gargaɗin bai tafi ba, bai kamata ya shigar da lambar sirri ko bayanan kuɗi a shafin ba.