Gadon da Sababbin Shugabannin DEC Ke Karɓa

A Amurka akwai ƙungiyar malamai, masu bincike, masu gyaran magana da masu koyar da motsa gaɓɓai, waɗanda aikinsu ya shafi yara masu naƙasa ko jinkirin girma daga haihuwa zuwa shekara 8. Ana kiranta DEC, kuma reshe ce ta babbar ƙungiyar Council for Exceptional Children, wato CEC. Mambobinta ne ke zaɓen shugabanninta, kuma sauyin shugabancin ba ya shiga manyan jaridu. Sai dai abin da ƙungiyar ta amince da shi kan koma darasin da jami'o'i ke koya wa sababbin malamai, daga nan ya isa gidan da ake rainon yaron da ya kai shekara biyu bai fara magana ba. Don a gane nauyin kujerar, sai an waiwayi yadda aka kafa ta.

Tushen yana birnin New York. A farkon ƙarni na 20, wata malama mai suna Elizabeth Farrell ta riƙe aji na musamman a unguwar baƙin haure matalauta, inda ta tara yaran da makaranta ta ɗauka ba za su iya koyon komai ba. A 1906 aka ba ta kula da irin waɗannan azuzuwa a birnin gaba ɗaya. A 1922, ita da wasu ɗalibanta a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia suka kafa ƙungiyar da ta zama CEC, ita ce kuma shugabarta ta farko. Hankalin ƙungiyar a lokacin yana kan yaran da suka isa shiga makaranta. Jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa an bar su ga iyaye ko gidajen killacewa, domin ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa basira abu ne da ake haihuwar mutum da shi, ba ya ƙaruwa.

Bincike ne ya fara girgiza wannan ra'ayi. A 1939 Harold Skeels da Harold Dye suka wallafa abin da suka gani a jihar Iowa, inda aka ɗauke yara 13 daga gidan marayu mai cunkoso aka danƙa su ga matan da ke ɗaukar su, suna wasa da su, suna yi musu magana. Makin gwajin basirar yaran ya ƙaru, na waɗanda aka bari a gidan marayun ya ragu. Masana da yawa sun soki aikin a lokacin. A 1966 Skeels ya sake bibiyar yaran bayan sun girma, ya tarar dukansu 13 suna riƙe da kansu. Abin da Bahaushe ke nufi da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ya samu hujjar da za a iya ajiyewa gaban 'yan majalisa.

Dokoki suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. A 1965 aka fara shirin Head Start domin yaran matalauta. A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu kan dokar da ta ware kuɗi don kafa cibiyoyin gwaji na koyar da ƙananan yara masu naƙasa. A 1972 aka wajabta wa Head Start ware kashi 10 cikin 100 na gurabenta ga irin waɗannan yara. Ma'aikatan sababbin cibiyoyin sun samu kansu cikin sana'ar da ba ta da littafin koyarwa ko takardar shaida tata ta kanta. Daga cikin wannan buƙata aka kafa DEC a 1973.

Dokar 1975, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu, ta ba kowane yaro mai naƙasa haƙƙin ilimi kyauta, a lokacin da majalisa ta ƙiyasta cewa kusan yara miliyan ɗaya ba sa zuwa makarantar gwamnati ko kaɗan. Amma ta bar wa jihohi ƙofar kauce wa yara 'yan shekara 3 zuwa 5, jarirai kuma ba su shiga ba. Sai a 1986, zamanin Ronald Reagan, aka toshe giɓin: an faɗaɗa haƙƙin ga 'yan shekara 3 zuwa 5, aka kuma buɗe shiri na musamman daga haihuwa zuwa shekara 3. Wannan doka ta zo da sabon tunani, domin ta ce a rubuta tsarin taimako tare da iyaye, bisa buƙatun iyalin baki ɗaya. A 1990 aka sauya wa dokar suna zuwa IDEA.

Doka tana faɗin abin da yaro ya cancanta, amma ba ta koya wa ma'aikaci abin da zai yi idan ya zauna a ɗakin uwar da aka shaida wa ɗanta ba ya ji. Nan DEC ta samu wurinta. A 1993 ta fitar da kundin hanyoyin aiki da ta amince da su, ta sabunta shi a 2000 da 2005 da 2014. A 2009 ta haɗa kai da NAEYC, babbar ƙungiyar malaman ƙananan yara, suka fitar da matsaya ɗaya cewa a riƙa koyar da yara masu naƙasa tare da sauran tsararrakinsu. A 2020 ita da CEC suka fitar da ƙa'idojin horar da masu shiga wannan sana'a.

Duk wanda ya hau kujerar a yau yana gadar waɗannan takardu tare da bashin da ba a biya ba. A dokar 1975 gwamnatin tarayya ta sa wa kanta burin biyan kashi 40 cikin 100 na matsakaicin kuɗin da ake kashe wa ɗalibi, kuma har yanzu ba ta taɓa kaiwa ba. Jihohi da dama na fama da ƙarancin ma'aikata, kowace jiha kuma ita ke yanke irin jinkirin girman da ya isa a taimaki jariri, saboda haka yaron da ya cancanta a wata jiha yana iya rasa gurbi a maƙwabciyarta. Shirin jarirai yana ƙarewa ranar da yaro ya cika shekara 3, don haka kowane watan da ya shafe yana jiran ma'aikaci an cire shi ne daga cikin watanni 36 da doka ta ba shi. Da wannan lissafi iyaye za su auna sababbin shugabannin.