Annobar Marisuwa ta 1918 da Tasirinta a kan Yawan Jama'a

A wannan takarda za mu duba annobar murar nan da ta game duniya a shekarun 1918 da 1919, wadda mutanen ƙasar Hausa suka sani da sunan marisuwa. Abin da muke son nunawa shi ne, idan ana son auna ɓarnar annoba a kan yawan jama'a, to adadin mamata kaɗai bai isa ba, sai an binciki shekarun waɗanda suka rasu.

Akasarin masana tarihi sun ƙiyasta cewa cutar ta kashe kimanin mutum miliyan 50. Abin da ya bambanta ta da murar da aka saba gani shi ne, ban da jarirai da tsofaffi, ta fi yin ɓarna a cikin 'yan shekara 20 zuwa 40, wato majiya ƙarfi, waɗanda su ne manoma, su ne kuma masu haihuwa. Mata masu juna biyu sun sha wuya ƙwarai. Saboda haka ne a Amurka matsakaicin tsawon rai ya faɗo daga kusan shekara 51 a 1917 zuwa 39 a 1918, domin mutuwar saurayi ta fi mutuwar dattijo rage wannan lissafi.

Ƙasar da ta fi kowace asarar rayuka ita ce Indiya, kuma a can ne hujjarmu ta fi fitowa fili, domin ana ƙidayar jama'a duk bayan shekara 10. Cutar ta shiga ta Bombay, ta tarar da damina ta gaza a 1918, hatsi ya yi tsada, jikin talakawa ya riga ya yi rauni. Ƙiyasin mamata ya kama daga miliyan 12 har zuwa miliyan 20. Mata sun fi maza mutuwa, ga alama don su ne masu jinya, kuma su ne na ƙarshe wajen cin abinci. To, mace 'yar shekara 25 idan ta rasu, ta tafi da 'ya'yan da za ta haifa, sau da yawa na goye ma yakan bi ta. Haihuwa ta ragu a 1919. Da aka yi ƙidayar 1921 sai aka ga jama'a ta ɗan ragu daga yadda take a 1911, wato daga kusan miliyan 252 zuwa miliyan 251 bisa iyakokin Indiya na yau. Tun daga nan babu wata ƙidaya da ta sake nuna raguwa a ƙasar.

Mu a nan Afirka ta Yamma ta teku cutar ta riske mu. Ta sauka a Firitawun cikin watan Agusta na 1918, ta isa Legas cikin Satumba, sannan ta bi koguna da layin dogon da ya isa Kano a 1911. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa mutum kusan 500,000 suka rasu a Nijeriya cikin jama'a kimanin miliyan 18. Sai dai a nan ya kamata mu yi taka-tsantsan da alƙaluma, domin ƙidayar 1921 a Jihar Arewa ta dogara ne galibi a kan littattafan haraji, kuma kowa ya san littafin haraji ba ya damuwa da jariri ko matar da ke kulle. Ohadike ya kuma nuna cewa ƙarancin majiya ƙarfi ya sa mutanen yankin kudancin kogin Kwara suka ƙara rungumar noman rogo, wanda bai kai doya cin aiki ba.

Shin giɓin yana cikewa? A wasu ƙasashen Turai, alal misali Norwe wadda ba ta shiga yaƙin duniya ba, haihuwa ta yi tashin gwauron zabo a 1920, domin auren da aka ɗage an ɗaura, zawarawa sun sake aure. Amma Samowa ta Yamma, inda kusan kashi 22 cikin 100 na jama'a suka mutu, ta rasa shugabanni da iyaye a lokaci guda.

Idan muka kwatanta da korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙarin mace-mace miliyan 14.9 a 2020 da 2021. Adadi ne mai ban tsoro, amma da yake tsofaffi ta fi ɗauka, waɗanda suka riga suka gama haihuwa, yawan mutanen duniya bai daina ƙaruwa ba, har ya kai biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022.