Daga Bagade Zuwa Bangon Falo: Tarihin Allunan Kartagiloriya na Italiya

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin tsofaffin kaya na Italiya, akan ga wasu ƙananan madubai masu firam na katako, an yi musu sassaƙa an kuma shafe su da ruwan zinariya. Mai saye yakan ɗauka tun asali don ado aka yi su. Alhali da yawa daga cikinsu a kan bagaden coci suka fara rayuwa, kuma rubutun addu'a ne a gurbin da madubin yake yanzu. Wannan takarda za ta bi sawun waɗannan alluna, ta nuna abin da aka tsirar da abin da aka rasa wajen mayar da su madubi.

2.0 Asalinsu da Aikinsu

Italiyawa suna kiran irin wannan allo kartagiloriya, wato takardar da ke ɗauke da addu'ar yabo mai suna Giloriya. Bayan babban taron malaman Katolika da aka yi a garin Trento na arewacin Italiya daga 1545 zuwa 1563, Paparoma Pius na Biyar ya fitar da littafin ibadar Mas a 1570, wanda ya daidaita addu'o'in Latin da limami zai karanta. Akwai wuraren da hannuwan limami ba sa samun sararin buɗe littafi, misali lokacin da yake riƙe da gurasa ko ƙoƙon inabi. Saboda haka aka rubuta addu'o'in a takarda, aka sa ta a firam, aka jingina a gabansa.

Da farko allo ɗaya ne, daga baya suka zama uku. Na tsakiya ya fi girma, shi ke ɗauke da addu'ar yabo da shaidar bangaskiya da kalmomin tsarkake gurasa da inabi. Na dama yana da ayoyin Zabura da ake karantawa wajen wanke hannu, na hagu kuma yana da farkon Linjilar Yohanna.

3.0 Yadda Ake Yin Su

Masassaƙi ne yake fara fitar da siffar a katako mai laushi. Daga nan sai a shafa farin alli da aka kwaɓa da gam na fatar zomo, shafi bisa shafi, a goge. A kan wannan ake shimfiɗa jan yumɓu mai laushi, sannan a ɗora zinariya da aka buga ta yi sirantar da numfashi ma yana iya ɗauke ta. A ƙarshe a murza da dutse mai santsi har ta yi walƙiya. Cocin da ba shi da ƙarfi yakan sa azurfa, a shafa mata rawayan fenti mai sheƙi don ta yi kama da zinariya.

4.0 Yadda Suka Bar Coci

Sau da dama a tarihi kayan coci sun faɗa kasuwa. A 1810 gwamnatin Napoleon ta rufe gidajen sufaye a yankunan Italiya da ke hannunta, a 1866 kuma sabuwar ƙasar Italiya ta yi doka irin wannan. Amma abin da ya raba allunan da aikinsu shi ne taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, da sabon tsarin ibada da Paparoma Paul na Shida ya amince da shi a 1969. Limami ya koma fuskantar jama'a a yawancin coci-coci, yana addu'a da harshensu, sabon tsarin kuma bai tanadi allunan ba. Sai aka tura su ɗakin ajiya. Daga can wasu aka sayar, wasu aka sace. A 1969 ɗin ne Italiya ta kafa rundunar jandarmomi ta musamman don kare kayan tarihi, a 1971 kuma fadar Batikan ta aika wa bishop-bishop wasiƙa tana kokawa kan sayarwa da ɓarnar kayan fasahar coci.

Dillali ya san ba kowa ke son rataye addu'ar Latin a falonsa ba, amma kowa na son madubi. Cire takarda a sa gilashi kuwa aikin ɗan lokaci ne.

5.0 Riba da Hasara

Gaskiya ne wannan sauyi ya tsirar da firam masu yawa daga gara da danshi. Sai dai kuma takardar da aka cire ita ce shaidar da mai nazarin tarihi ya fi buƙata, domin a jikinta akan sami sunan maɗaba'a da garin da aka buga ta, wani lokaci har da shekara. Haka kuma akan raba ƴan ukun, kowanne ya tafi gida daban, a rasa cocin da suka fito.

Duk da haka firam ɗin ba ya ɓoye asalinsa ga mai lura. Yawanci yana da ƙafafu a ƙasa, domin a tsaye aka yi shi ba a rataye ba. Na tsakiya yakan fi faɗi bisa tsayi. A sassaƙarsa akan ga zangarniyar alkama da nonon inabi da kawunan mala'iku, bayansa kuma ba ado.

6.0 Kammalawa

Allunan ba su mutu gaba ɗaya ba, har yanzu ana amfani da su inda ake yin tsohuwar ibadar Latin. Waɗanda suka zama madubi kuwa suna koya wa ɗalibin tarihi cewa abin da abu yake yi a yau ba lalle shi ne dalilin ƙera shi ba. Wajibi ne ya duba ƙafafunsa da bayansa, ya kuma tambayi abin da aka cire daga cikinsa.