Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Jiƙo da Allurar Rigakafi a Samaru da Sabon Gari

A kusan kowane aji na firamare ko islamiyya a Samaru da Sabon Garin Zariya akwai yaron da malamai ke haddace sunansa tun makon farko. Ana karatu yana leƙen taga, ana tambayar wani shi ne mai amsawa, a aike shi sayen gishiri ya dawo hannu wofi ya manta abin da aka ce. A gida a ce masa mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi. Idan yarinya ce, sau da yawa ba ta da hayaniya, sai dai a ce hankalinta ba ya jikinta, ko a yanke mata hukuncin daƙiƙanci. In abin ya yi tsanani, wata daga cikin dangi za ta kawo zancen iska ko kambun baka.

Yawancin waɗannan yara lafiyarsu lau, ƙuruciya ce ke ɗibarsu a cikin ajin da ya cika ya batse. Amma a cikinsu akwai waɗanda abin nasu lalura ce ta ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani. Ba a tabbatar da ita sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, an gan su a wuri fiye da ɗaya, kuma suna cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane. Ƙididdigar duniya ta nuna kusan yara 5 cikin 100 ne ke da ita. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, sama da kashi 70 cikin 100. Kuma ba baƙuwar lalura ba ce: likitan nan ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya siffanta ta a 1798, George Still kuma ya yi laccoci a kanta a Landan a 1902. A riƙe waɗannan shekaru, domin mafi tsufa a cikin alluran da ake yi wa jariranmu yau, wato BCG ta tarin fuka, sai a 1921 aka fara amfani da ita.

Iyaye ba sa tambayar ƙididdiga. Tambayarsu biyu ce: me ya jawo masa, kuma me zai sha ya natsu. Ta biyun ce ke kai su kasuwa.

Abin da ake samu a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru kala-kala ne. Akwai masu sassaƙe da saiwoyi da ke haɗa jiƙo, ko garin da za a zuba a kunu, ko na hayaƙi. Akwai shagunan magungunan Musulunci da ke sayar da zuma da habbatus sauda da man zaitun, galibi da sunan maganin ƙarin basira ko saurin hadda. Akwai rubutun sha da tofi, waɗanda gida da yawa ba ya ɗaukarsu kishiyar asibiti, ƙari ne a kai. Ilimin itatuwan nan ba abin rainawa ba ne. Tun 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, akwai ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake tantance ganyen da mai bincike ya kawo, ga kuma Tsangayar Kimiyyar Harhaɗa Magunguna da ta daɗe tana gwada ruwan itatuwan gargajiya.

Sai dai a duba irin gwajin. Mafi yawansa a kan ɓeraye ake yi: a ba ɓera ruwan ganye, a auna ko barcinsa ya ƙaru, ko zirga-zirgarsa ta ragu, ko farfaɗiyar da aka jawo masa ta lafa. Aiki ne mai amfani, kuma ya nuna cewa wasu itatuwan da gaske suna taɓa ƙwaƙwalwa. Amma abin da ya nuna shi ne suna kashe jiki, kuma a nan ne kuskuren da ya fi kowane girma yake. Yaron da aka kashe wa jiki zai zauna shiru, gidan zai huta, uwa za ta ce maganin ya karɓe shi. Shirun nan ba natsuwa ba ce. Mai gyangyaɗi ba ya fahimtar darasi fiye da mai tsalle-tsalle. Hasali ma maganin asibitin da aka fi tabbatar da amfaninsa ga wannan lalura, metilfenidet wanda aka fi sani da Ritalin, ba mai sa barci ba ne, mai farkar da ƙwaƙwalwa ne. Yana ƙarfafa aikin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke taka wa mutum birki. Tun 1937 Charles Bradley ya lura da wannan abin mamaki a Amurka, cewa magani mai zaburarwa ne ke kwantar da irin waɗannan yara. Don haka duk haɗin da ake yabo da cewa yana sa yaro ya yi laƙwas, alamar da yake bayarwa ta saɓa wa abin da ake nema. Wannan hukuncin bai tsaya kan masu sassaƙe ba, ya haɗa da mai kemis da ke miƙa wa uwa maganin mura mai sa barci don yaro ya bar ta ta sarara.

A ƙasashen waje an gwada wasu ganyayyaki a kan yara kai tsaye, sakamakon kuwa bai taka kara ya karya ba. A 2008 mujallar likitoci ta JAMA ta buga gwajin wani ganye mai suna Hypericum a kan yara 54 na tsawon mako 8, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta komai ba. A Iran, a binciken da aka buga a 2010, an gwada ganyen ginko da metilfenidet a kan yara 50, ginko ya gaza. Wanda zai fi jan hankalin mai karatu Bahaushe shi ne za'afaran, wanda muka sani a tawadar rubutun sha. A 2019 masu bincike a Iran sun ba da rahoton cewa a cikin mako 6 ya yi kunnen doki da metilfenidet. Labari ne mai daɗi, amma yaran kusan 50 ne kawai, lokacin gajere ne, kuma babu rukunin da aka ba ƙwayar wofi don a gane nawa ne aikin magani, nawa ne aikin fata da tsammanin iyaye. Irin wannan sakamako dalili ne na a sake gwaji mai faɗi, ba dalilin buga kwali a kai kasuwa ba.

Ko lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya ba ta nufin abin da mutane ke zato. Rajistar da ake yi wa irin waɗannan magunguna ta shafi rashin cutarwa ne gwargwadon gwajin da aka yi, shi ya sa ake rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wanda ake aunawa da cokali a takarda kuwa ba shi da ko wannan. Itatuwa irin su zaƙami da saiwar sanya suna da ƙarfin da zai iya yi wa yaro mummunar illa, kuma ƙarfin ganye yana bambanta daga gona zuwa gona, daga damina zuwa rani.

Tambaya ta farko, ta me ya jawo, ita ce ke faɗawa kan allurar rigakafi. Wanda duk zai yi maganar nan a ƙasar Zazzau ya kamata ya fara da yarda cewa tsoron yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Shari'ar ta kai har 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayar cuta ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a wasu jihohin Arewa, Kaduna na ciki na ɗan lokaci, bayan Dakta Datti Ahmed da Majalisar Ƙoli ta Shari'a sun nuna fargabar cewa yana hana haihuwa. Samaru ba ta kasance 'yar kallo ba, domin Dakta Haruna Kaita na tsangayar harhaɗa magunguna ta jami'ar ya ba da rahoton cewa gwajin da ya yi a Indiya ya nuna ɓurɓushin sinadaran da suka shafi haihuwa, yayin da kwamitin gwamnatin tarayya ya yanke cewa ɗigon ba shi da illa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, kuma kafin ƙura ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20.

Elisha Renne, wadda ta yi bincikenta a Zariya ta kuma wallafa littafi a kan siyasar shan-inna a 2010, ta rubuta tambayar da iyaye ke yawan yi: me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigo kyauta, alhali maganin zazzaɓin da ke kashe 'ya'yansu sai da kuɗi? Tambaya ce ta masu hankali. Sannan daga ƙarshen 2008 maganin haƙorin jarirai na My Pikin, wanda ya gurɓace da guba, ya kashe yara 84 a faɗin ƙasar, kuma asibitin koyarwa na Shika, gaba kaɗan da Samaru, na cikin wuraren da aka kwantar da yaran da ƙodarsu ta daina aiki. Uwar da ta ji wannan ba ta buƙatar wani ya koya mata shakkar kwalba mai kwali.

Tsohon tsoron namu na haihuwa ne. Wanda ke danganta allura da ƙwaƙwalwar yaro shigo da shi aka yi, ta intanet da WhatsApp, kuma a ganina ya fi samun masauki a gidajen masu ilimin boko da ke iya karanta saƙon da Turanci su fassara wa dangi. Babban tushensa takardar da Andrew Wakefield ya buga a mujallar Lancet a 1998 a kan yara 12 kacal, yana alaƙanta allurar ƙyanda mai haɗin uku da wata lalurar ƙwaƙwalwar yara daban mai suna otizim. A 2010 mujallar ta janye takardar, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. A Denmak an bi yara sama da 650,000, sakamakon da aka buga a 2019 bai nuna wata alaƙa ba. Sai batun tayomasal, sinadarin adanawa mai ɗauke da wani nau'in zaiba, wanda har yanzu ake sa wa wasu kwalaben allura masu ɗaukar yara da yawa. Babu shi a ɗigon shan-inna ko allurar ƙyanda. A binciken da aka buga a 2007 an gwada yara 1,047 a Amurka a fannoni 42 na aikin ƙwaƙwalwa, har da natsuwa, ba a sami shaidar cewa yana jawo lalura ba.

Abin da zancen allura ke rufewa shi ne abubuwan da aka tabbatar suna lalata natsuwar yaro, kuma da yawansu suna tsakar gidanmu. Sanƙarau yana barin kurumta da raunin karatu ga wasu da suka tsira, ƙyanda kan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma dukansu akwai rigakafinsu. Bincike a Malawi da Yuganda ya nuna yaran da zazzaɓin cizon sauro ya hau musu kai kan fito da matsalar ɗabi'a da ta natsuwa daga baya. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyin jariri suna ƙara haɗarin. Sai gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ba sai an je ramin zinare ake haɗuwa da ita ba. Kwalli na dutse, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira tiro, galibi ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da aka samu da gubar a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Uwar da ta hana a yi wa ɗanta allura don kare ƙwaƙwalwarsa tana iya zizara masa wannan kwalli kowace safiya da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma lalurorin da ke kama da rashin natsuwa alhali ba ita ba ce: kunnen da ke zubar da ruwa har ji ya ragu, ido mai buƙatar tabarau, ƙarancin jini, sikila, ƙaramar farfaɗiyar da ke sa yaro ya yi zuru na 'yan daƙiƙu, ko yunwa kawai. Kowace da maganinta daban, kuma babu jiƙo ɗaya da zai haɗa su.

Inda mai maganin gargajiya ya fi asibiti shi ne yana saurare. Yana zama da uwa ta gama zayyana halin ɗanta, ya ba abin suna, ya ba ta abin da za ta riƙe ta koma gida. A asibitin sha-ka-tafi kuwa ma'aikaciyar da ke yi wa jarirai allura ba ta da lokacin, kuma sau da yawa ba a horar da ita a kan ɗabi'ar ɗan shekara 7 ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, masu ƙwarewa a kan yara kuma kaɗan ne daga ciki. Mai son a duba ɗansa da kyau sai ya nufi Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, tafiyar da gida da yawa ke gudu saboda kada a ce ɗansu ya taɓu. Ritalin kansa magani ne da doka ta tsaurara, ba a kowane shago ake samunsa ba, yana da illolinsa irin su rage cin abinci da hana barci, kuma ga ƙananan yara ba shi ake fara bayarwa ba. Horar da iyaye da malamai ake farawa da shi: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, zama a layin gaba, aiki gutsure-gutsure, yabo nan take, da ajiye bulala. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ke koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko yadda za su gane irin waɗannan lalurori su kuma ba iyaye wannan shawara. A ƙaramar hukumar da ke da jami'a mai sashen likitancin yara da na ƙwaƙwalwa da na harhaɗa magunguna, horar da ma'aikatan asibitocin Samaru da Basawa da Muchiya a kan wannan jagora aiki ne na makonni, haka nan auna dalma a cikin kwalli da garin maganin da ake sayarwa a kasuwannin biyu.